Tsakanin Damuwa da Hauka: Ciwon da Ke Ɓuya a Cikin Haƙurin Mutanen Jos

Ciwon damuwa mai tsanani yana cikin cututtukan da suka fi yaɗuwa a duniya, yana kuma cikin waɗanda aka fi makara wajen gane su, saboda ba ya zuwa da zazzaɓi ko kumburi ko rauni da ido zai gani, kuma kowace alama tasa, idan aka ɗauke ta ita kaɗai, ta yi kama da abin da kowane ɗan Adam ya taɓa ji a ranar da duniya ta yi masa zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a bayaninta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da shi, wato kashi 3.8 cikin ɗari na al'ummar duniya, ko kashi 5 cikin ɗari idan manya kaɗai aka ƙirga, kuma duk inda aka sami maza biyu masu ciwon akan sami mata uku. A wani rahoto da hukumar ta fitar a 2017, shekarar da ta keɓe Ranar Lafiya ta Duniya domin wannan ciwo, ta sa adadin masu ɗauke da shi a Nijeriya sama da miliyan 7.

A birnin Jos, lamarin yana da wata fuska ta daban. Gari ne da ya tashi a kan haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, ya tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilun Filato, har Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha da ɗakin ganin likita, sannan daga 2001 zuwa yau ya sha rikice-rikicen da suka bar gidaje masu yawa da makoki. A garin da kusan kowa yake da dalilin baƙin ciki, yawan dalilan ne ke rufe ciwon, domin idan aka ga mutum ya rame, ya daina fita, ya daina magana, sai a ce ai abin da ya same shi ya isa, ba a tsaya tambayar ko baƙin cikin ya rikiɗe ya zama cuta mai neman magani ba.

Sunan ciwon da iyakokinsa

Hausa tana da kalmomi da yawa na bayyana raɗaɗin rai, akwai damuwa da ɓacin rai da baƙin ciki da takaici da ƙuncin zuciya, kuma dukkansu ana ɗaukarsu a matsayin abin da ke zuwa ya wuce, wanda maganinsa haƙuri ne. A ɗaya gefen akwai hauka da taɓin hankali, waɗanda ke kawo wa mai sauraro hoton mutumin da ke yawo a bola yana surutai, kuma abin kunyarsu yakan shafi dangi duka, har ya taɓa auren 'yan matan gidan. Tsakanin waɗannan gefuna biyu akwai fili mai faɗi da ba a raɗa masa suna ba, kuma a cikinsa mai ciwon damuwa mai tsanani yake zaune, domin abin da ke damunsa ya fi ƙarfin a ba shi haƙuri, amma hankalinsa yana nan daram, ya san kowa, ya san kansa, kuma sanin da yake da shi ne ma ke sa ya ji tsoron zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa kada a ce ya taɓu.

Tsoffin likitocin Girka sun kira irin wannan hali melankoliya, ma'ana baƙin ruwan matsarmama, saboda sun yi zaton wani baƙin ruwa ne ke yawaita a cikin mutum ya duhunta masa rai, likitocin Larabawa kuma suka gaji kalmar daga gare su. Bahaushe ma da ya tashi raɗa suna sai ya ce baƙin ciki, ya sa baƙin a cikin tumbi. Ilimin zamani ya yi watsi da batun matsarmama, amma ya tabbatar da abin da sunayen biyu suka hango, cewa jiki yana da hannu dumu-dumu a cikin lamarin.

Likitoci a yau suna dogara da ƙa'idoji rubutattu wajen gane ciwon, kuma waɗanda aka fi amfani da su su ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda sabon bugunsu na 11 ya fara aiki a Janairun 2022, da na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, waɗanda bugunsu na biyar ya fito a 2013. Bisa ƙa'idar Amurka, akwai alamomi tara, kuma sai mutum ya haɗa aƙalla biyar daga cikinsu, kusan kullum, na tsawon mako biyu ko fiye, har sun hana shi gudanar da harkokinsa, kafin a ce yana da ciwon. Biyu daga ciki su ne ginshiƙai, dole a sami ɗaya: ƙuncin rai da ba ya yayewa mafi yawan yini, da gushewar sha'awa, wato mutum ya daina jin daɗin abin da a dā yake faranta masa, ko hira ce a majalisa, ko kallon ƙwallo, ko wasa da jikoki. Sauran bakwai su ne canjin cin abinci da ke kawo rama ko ƙiba, da lalacewar barci ko yawansa, da nauyin jiki da magana ko kuma kasa zama wuri ɗaya, da gajiya ba tare da an yi aiki ba, da ganin kai ba a bakin komai ba tare da ɗora wa kai laifin da ya wuce kima, da kasa tattara hankali ko yanke shawara ko da a kan cefane ne, sai kuma yawan tunanin mutuwa ko na kashe kai.

Inda makoki ya tsaya, inda ciwo ya fara

Al'adun mutanen Jos, Musulmi da Kirista, sun tanadi wa baƙin ciki lokaci da jama'a. Ana zaman makoki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidajen da suka saba, matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, zumuntar mata ta coci tana kai ziyara da abinci da addu'a. Wannan tsari yana da amfani ƙwarai, kuma mafi yawan masu makoki suna fita daga cikinsa ba tare da buƙatar likita ba.

Bambancin makoki da ciwo yana bayyana ga wanda ya lura da kyau. Baƙin cikin rashi yakan zo ne kamar iska, ya taso idan an tuna mamaci ko an ga rigarsa a rataye, ya lafa idan baƙi sun shigo, har mai makoki ya yi murmushi idan an tuno wani barkwancin marigayin, kuma tunaninsa yana kan wanda ya rasa. Ciwon damuwa mai tsanani kuwa yakan zauna kamar hazon hunturu, ba ya ɗagawa don an yi baƙi ko an yi albishir, kuma yakan juyar da tunanin mutum a kan kansa, ya riƙa ganin shi ne musabbabin duk abin da ya faru, shi kaya ne a wuyan iyalinsa, gara ma a ce babu shi. Rashi yana iya buɗe wa ciwon ƙofa, saboda haka idan aka share makoki, watanni suka shuɗe, amma mutum sai ƙara nutsewa yake yi, to lamarin ya wuce na ta'aziyya.

Ciwon da ke magana da harshen jiki

Da wuya mai wannan ciwo a Jos ya shiga wurin likita ya ce ransa a ƙuntace yake. Abin da ya fi faɗa shi ne kansa yana zafi kamar an hura wuta a tsakiya, ko wani abu yana yawo a jikinsa, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa tana bugawa, gaɓoɓinsa sun mutu, abinci ba ya masa ɗanɗano. Waɗannan koke-koke gaskiya ne, ciwon yana haifar da su, kuma al'adar da ta koyar da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba ta fi yarda mutum ya yi kukan jikinsa a kan ya yi kukan ransa.

Hanyar da irin wannan majinyaci yake bi sananniya ce ga ma'aikatan lafiya. Yakan fara da kemis na unguwa, a haɗa masa maganin maleriya da na ciwon jiki, idan bai ji sauƙi ba a tura shi gwajin taifod, a ɗaura masa ƙarin ruwa, daga nan a ce olsa ce ko hawan jini. Idan kuɗi suka ƙare ciwo bai tafi ba, sai dangi su fara zargin sammu ko jifa ko shafar aljanu, a nufi wurin malami a karɓo rubutu ko a yi ruƙiyya, ko a kai shi gidan addu'a a yi azumi a kansa. A duk tsawon wannan yawo, da wuya a sami wanda ya tambaye shi ƙarfe nawa yake farkawa, alhali amsar tana ɗauke da babbar alama: mai ciwon yakan farka tun kafin kiran assalatu, ido biyu cikin duhu, tunani yana ta juyawa a kan abu guda, kuma safiya ce ta fi yi masa nauyi, sai yamma ta yi ya ɗan ji dama. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin Jos ke hana kowa fitowa da wuri, iyali sukan ɗauka sanyi ne ya riƙe shi a cikin bargo, sai bazara ta shigo a ga har yanzu bai buɗe shago ba.

Wannan ba ya nufin a daina gwajin jiki, domin ƙarancin jini, da raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, da wasu magunguna, duk suna iya kawo alamomi masu kama da na ciwon damuwa, kuma likita nagari yakan bincika su. Haka kuma masu fama da ciwon suga, da amosanin jini, da shanyewar ɓarin jiki, da cuta mai karya garkuwar jiki sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa, kuma idan damuwar ta kama su sukan yi sakaci da shan maganin ciwonsu na asali.

Musabbabai, da abin da tarihin Jos ya ƙara

Ciwon ba shi da musabbabi guda. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso wajen kashi 37 cikin ɗari na haɗarin kamuwa, abin da ke nufin ana gadon saurin kamuwa, amma sauran kason yana hannun abin da rayuwa ta kawo, kamar wahalar ƙuruciya, da duka ko wulaƙanci a gidan aure, da talauci, da bashi, da rashin aiki, da kaɗaici. An daɗe ana bayyana ciwon da cewa ƙarancin wani sinadari ne na ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, amma masana a yau suna ganin wannan bayani ya yi gajarta, domin lamarin ya haɗa da yadda sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da jin daɗi da barci suke aiki tare, da kuma yadda jiki ke ci gaba da fitar da sinadaran fargaba idan mutum ya daɗe cikin matsi.

Matsi mai daɗewa kuwa Jos ta san shi. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumban 2001 ya ci rayuka kimanin 1,000 cikin ƙasa da mako guda, bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch, wadda kuma ta ƙirga aƙalla mutum 700 a rikicin ƙarshen Nuwamban 2008 da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone, dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba jari. An sake rikici a Janairun 2010, aka yi kisan Dogo Nahawa a Maris na shekarar, bama-bamai suka tashi a jajibirin Kirsimeti, sannan a ranar 20 ga Mayun 2014 wasu tagwayen bama-bamai suka kashe aƙalla mutum 118 a yankin Taminus. Hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Disamban 2023 sun hallaka fiye da mutum 150, kuma a Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai.

Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya ƙiyasta cewa a yankunan da suka sha rikici mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kama daga ciwon damuwa zuwa ciwon fargaba zuwa ciwon firgici na bayan tashin hankali. Wannan na ƙarshe shi ne wanda mutum ke ci gaba da ganin abin da ya faru a mafarki ko a farke, yana zabura da ƙarar salansar babur, yana kauce wa titin da abin ya auku, kuma sau da yawa yakan zo tare da ciwon damuwa a jikin mutum ɗaya. Wani bincike da aka gudanar a Jos watanni kaɗan bayan rikicin 2001, aka buga shi a 2008, ya sami irin waɗannan alamomi a tsakanin mazauna garin da yawa.

Akwai kuma wata asara da ba ta shiga lissafin gawawwaki. Rikice-rikicen sun raba garin gida biyu, Musulmi suka tattara a unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, Kirista suka koma irin su Unguwar Rukuba da Jenta da Kabong, kuma duk wanda ya sayar da gidansa ya yi ƙaura ya bar maƙwabtan da suka san shi shekara ashirin ko talatin. Maƙwabcin da ya san yadda mutum yake a dā shi ne ke fara lura idan ya canja, domin labarin zuciya a tambayi fuska, amma sai wanda ya san fuskar tun tana sake. A sabuwar unguwa, shirun mai ciwo yakan wuce a matsayin halinsa.

Batun imani da tsohon zargi

Zamanin mulkin mallaka an yaɗa ra'ayin cewa baƙar fata ba ya kamuwa da ciwon damuwa, kuma wani likitan Ingila da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, ya ƙarfafa wannan ra'ayi a littafin da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1953. Ba a daɗe ba hujjoji suka rushe shi. Margaret Field, wadda ta zauna a wuraren bauta na gargajiya a ƙasar Gana tana sauraron masu kawo kuka, ta bayyana a 1960 cewa da yawa daga matan da ke zuwa suna zargin kansu da maita ciwon damuwa ne ke damunsu. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abekuta a 1954, ya shiga wani babban bincike a ƙasar Yarbawa da aka buga a 1963, wanda ya nuna alamomin damuwa sun yawaita a can kamar ko'ina. Kuskuren Turawan shi ne sun tsaya ƙirga waɗanda aka kulle a gidajen mahaukata, alhali mai ciwon damuwa ba ya tayar da hankalin kowa balle a kulle shi.

Wani zargi da ya fi wannan daɗewa shi ne cewa ciwon alamar raunin imani ne, wai mai tawakkali ba ya shiga damuwa. Jos cibiya ce ta addini, a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, a nan kuma hedikwatar cocin COCIN da ta ECWA suke, saboda haka abin da aka faɗa a kan mumbari yana da nauyi a gidajen garin. Tarihin addinan biyu bai goyi bayan zargin ba. Musulmi sun san shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu da sunan Shekarar Baƙin Ciki, sun kuma san yadda Annabi Yaƙubu ya yi jimamin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, Kirista kuma sun san labarin Annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, wanda ya gaji da rayuwa a cikin jeji, aka fara yi masa magani da barci da abinci. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya raba baƙin ciki gida biyu a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus: wanda aka san dalilinsa, da ake yi wa magani da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar maganin jiki. Nauyin da mai ciwon yake ji wajen tashi sallah ko zuwa sujada yana cikin alamomin ciwon, kamar yadda yake jin nauyin wanka da cin abinci, kuma idan aka fassara masa shi da cewa Allah ya yi fushi da shi, an ƙara wa ciwon itace ne a wuta.

Masu jego, matasa da tsofaffi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da waɗanda suka haihu ba da jimawa ba suna fama da ciwon damuwa. Kwanakin farko bayan haihuwa mata da yawa sukan yi kuka ba dalili, wannan yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka shi ne abin lura, inda mai jego take wankanta, take shan kununta, 'yan barka suna shiga suna fita, amma ita tana kallon jaririn ba ta jin komai, tana zargin kanta da cewa ita muguwar uwa ce, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa ko da mahaifiyarta ba, musamman idan ɗan fari ne, wanda al'ada ta riga ta hana ta nuna masa so a fili. Wannan kawaici na al'ada yakan zama labulen da ciwon ke fakewa a bayansa.

A wajen samari da magidanta ciwon yakan fito da rigar faɗa da saurin fushi da shaye-shaye. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wani yana shan tiramadol ko burkutu ne don ya kashe wutar da ke cinsa, wani kuma shan ne ya jefa shi cikin ciwon, kuma duk ta inda aka fara, sai an yi maganin biyun tare. Tsofaffi su ma ba su tsira ba: binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a yankunan Yarbawa, aka buga a 2007, ya gano kusan kashi 26 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sun taɓa yin ciwon a rayuwarsu, amma a gida akan ce tsufa ne kawai.

Yadda ake magani

Ganewa tana farawa da tambaya. Akwai takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ma'aikacin lafiya zai iya cikewa cikin mintuna kaɗan, makinta daga 0 zuwa 27, kuma wanda ya kai 10 yana buƙatar a zurfafa bincike a kansa. A aikace tambayoyin sukan fito da sauƙi: "Mama, yaya barci? Kina jin daɗin abinci kuwa? Rabonki da zuwa biki ko suna tun yaushe?" Likita yakan kuma tambaya ko an taɓa samun lokacin da mutum ya yi kwanaki ba ya barci amma yana jin ƙarfi, yana yawan magana da ɓarnar kuɗi, saboda wannan alama ce ta wani ciwo dabam mai fuska biyu, wanda maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar da shi.

Magani iri biyu ne, kuma sau da yawa haɗa su ya fi. Na farko shi ne na zama da ƙwararre a tattauna bisa tsari, wanda ya sha bamban da nasiha. Fitacce a ciki shi ne wanda likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, inda ake koya wa majinyaci ya kama tunanin da ke rusa shi, kamar cewa shi ba ya da amfani, ya auna shi da hujja, sannan a tsara masa komawa ga ƙananan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, yau shara, gobe zuwa masallaci ko coci, jibi leƙa kasuwar Farin Gada, ba tare da jiran sha'awa ta dawo ba, domin sau da yawa motsi ne ke jawo ta. Na biyu shi ne ƙwayoyi irin su amitiriftilin da fuloksetin, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a janye a hankali bisa shawarar likita. Ba sa bugarwa kamar tiramadol. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a daina sha a mako na farko don ba a ga komai ba, ko a wata na biyu don an warke, alhali kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yana sake dawo musu. Ga wanda ciwon ya kai shi ga daina ci da sha, akwai jinyar da ake yi da ɗan ƙaramin lantarki bayan an sa majinyaci barci, wadda ke ceton rai duk da mummunan sunan da aka yi mata.

Mafi girman haɗarin ciwon shi ne kashe kai, wanda ke cin fiye da mutum 700,000 a duniya kowace shekara. Bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa ba ta dasa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Wanda ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rabar da kayansa yana neman gafara ba dalili, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar.

Doka, likitoci da tazarar da ta rage

Shekaru da dama dokar da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya ita ce Dokar Mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta 1916, kuma damuwarta tsare mutum ce. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun tallafi, da kare majinyaci daga wariya, da sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba. Sai dai tsohon kundin hukunta laifuffuka na Arewa, a sashe na 231, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai hukuncin ɗauri har shekara guda, abin da likitoci suka daɗe suna kira a soke, saboda yana sa iyali su ɓoye majinyaci a lokacin da ya fi buƙatar asibiti.

Jos ta fi garuruwa da yawa sa'a, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba majinyata yana kuma horar da sababbi, kuma daga nan ne Farfesa Taiwo Obindo ya fito ya shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya. Ƙungiyar ta sha nanata cewa ƙwararrun da suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma ana ci gaba da rasa su zuwa ƙasashen waje. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Arewa, irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sun yi wa mutumin ƙauyen Mangu ko Wase nisa. Irin wannan tazara a ƙasashe da dama ce ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon da fara maganinsa, kuma a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu fama da abin da mutanen can ke kira yawan tunani, sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi.

Irin waɗannan mata da maza Jos tana da su a kowace unguwa: ungozoma, da shugabar zumuntar mata, da malamar Islamiyya, da mai unguwa, da limami da fasto waɗanda su ake fara kai wa kuka. Su ne ke shiga gidan makoki su ce "Ya ƙarin haƙuri?", a amsa musu "Da godiya", domin amsar da ladabi ya tanada ke nan ko da zuciya tana ƙuna. Abin da horo zai ƙara musu kaɗan ne: su koma gidan bayan arba'in, lokacin da tabarmi suka naɗe baƙi suka watse, su zauna, su tambayi barci da abinci da fita, su san cewa idan amsoshin sun yi nauyi fiye da mako biyu akwai suna ga abin, akwai kuma magani a Lamingo.